Cindo Ko Sudais: Wane Suna Za Mu Kira Yaron Nan?

Daga Wakilinmu

Kwanakin baya aiki ya kai ni ƙasar Gwaram, dare ya yi mini, na sauka a wani ƙauye da ke kusa da Sara a gidan wani abokina da muka yi makaranta tare. Ashe na taki sa'a, domin washegari ake sunan ɗan ƙanensa. Da aka idar da sallar asuba aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawa suka zazzauna, aka raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, aka raɗa wa jariri suna Abdurrahman, aka shafa fatiha, aka yanka rago. Har zuwa nan babu wanda ya ce uffan, domin suna ne da kowane Musulmi ya san darajarsa.

Magana ta taso ne da hantsi, sa'ad da wanzami ya zo aski. Shi wannan yaro an haife shi da ɗan ƙaramin yatsa na shida a gefen hannu. Muna zaune a zaure sai muka jiyo kakarsa ta wajen uba tana guɗa daga cikin gida, tana cewa, "Marhaban da Cindo!" Uban yaron, wanda matashi ne mai takardar difloma, ya miƙe zumbur ya leƙa ya ce, "Inna, don Allah kada ki laƙa masa wannan suna na ƙauye. Sudais za a riƙa kiransa." Tsohuwa ta gwada, ta ce Sudesi, ta sake gwadawa ta ce Sidasi, mata suka bushe da dariya. Daga nan ta ce, "Kai dai ka sani, ɗan nan. Ni bakina ba zai iya ba. Ku kira shi abin da kuka ga dama, ni Cindo na sani."

Tun daga ranar nan abin yake ta yi mini yawo a rai, domin na lura cewa gardamar da aka yi tsakanin uwa da ɗanta a wannan gida ita ake yi a gidaje da yawa daga Birnin Kudu har Basirka, sai dai a galibin wurare tsofaffin sun riga sun sallama.

Ya kamata mai karatu ya fara lura da cewa ba a kan sunan yanka aka yi saɓani ba. Shekaru aru-aru ke nan Bahaushe yana ɗauko sunan yanka daga sunayen annabawa da sahabbai da bayin Allah na gari, kuma babu mai hankalin da zai ce a sake wannan. Amma a al'adarmu yaro yakan tashi da suna biyu. Akwai na yanka da ake raɗawa ran bakwai, akwai kuma na gida, wanda kakanni da gwaggwanni ke laƙabawa. Dalilin na biyun sananne ne. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, matar ɗa ba ta faɗin sunan surukinta, kuma idan yaro ya ci sunan kakansa dole a nemo abin da za a sakaya. Cikin wannan gurbi na sakayawa ne Hausa ta yi ta zuba hikimarta. Wannan gurbin ne kuma yanzu ake cikewa da wani sunan Larabci na biyu, har ya zama yaro yana da suna biyu, amma babu ɗaya da ya fito daga harshen da uwarsa ke yi masa tawai da shi.

Ku dubi irin abin da ke cikin sunayen nan da ake cewa na ƙauye. Tanko shi ne namijin da ya biyo bayan mata. Gambo shi ne mai bin tagwaye. Shekarau ya daɗe a ciki har aka ƙosa. Nomau ya zo ana tsakiyar aikin gona, Anaruwa ya faɗo ana sheƙa ruwan sama, Labaran ɗan watan azumi ne, Sallau kuwa da salla ya iso. Ga na ranaku, su Ɗanladi da Ɗanlami da Ɗanjuma da Ɗan'asabe da Balarabe. Maƙwabtanmu Fulani, waɗanda suke da yawa a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, su ma suna da nasu na jerin haihuwa, Dikko na fari, Sambo mai bi masa, sa'an nan Yero. A zamanin da babu takardar haihuwa, babu asibiti, babu kalanda a bango, sunan mutum shi ne rajistarsa. Da ka ji an ce Tanko ka san akwai yayye mata a gidansu, ko da ba ka taɓa taka garinsu ba.

Manyanmu kuwa ba su ji kunyar waɗannan sunaye ba. Alhasan Ɗantata, attajirin Kano da ya rasu a 1955, sunan matar da ta rene shi, wato Tata, shi ya bi shi har ya zama sunan zuriyarsa baki ɗaya. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, wanda a zamaninsa aka ɗauki sunan Abuja aka ba sabon babban birnin tarayya bayan shawarar 1976, daga sunansa aka samo Suleja. Malam Ibrahim Shekarau ya mulki Jihar Kano daga 2003 zuwa 2011 ba tare da sunan ya rage shi da kome ba. Shi kansa Cindo da aka raina a zauren nan, Sarkin Keffi Muhammadu Cindo Yamusa na biyu ya riƙe shi a kan gadon sarauta daga 1978 har Allah ya yi masa rasuwa a 2015. To, sunan da sarki mai sanda ya amsa shekara talatin da bakwai, ina ƙauyanci a cikinsa?

Ba na cewa dukkan sunayen dā abin riƙewa ne. Akwai irin su Ajuji da Ayashe, waɗanda ake laƙaba wa ɗan wabi don a nuna wai ba a damu da shi ba, ko mutuwa za ta kau da kai. Wannan camfi ne, malamai sun yi gaskiya da suka hana, kuma maganin mutuwar yara yana wurin riga-kafi da awon ciki da ruwan sha mai tsabta. In waɗannan sun tafi, Allah ya raka taki gona. Amma don ƙwai ɗaya ya lalace ba a zubar da kwando duka.

Yanzu bari mu juya ga Sudais. Sunan ya shigo mana ne ta hanyar Shaihu Abdurrahman Sudais, wanda ya fara limanci a Masallacin Harami na Makka a 1984. Kaset-kaset na karatunsa suka cika kasuwanni da tashoshin mota, daga baya talabijin ta riƙa kawo sallar tarawihi kai tsaye, mutane suka ƙaunaci muryarsa, suka fara kiran 'ya'yansu masu suna Abdurrahman da Sudais. Haka aka yi da Shuraim, abokin limancinsa na shekaru masu yawa. Niyyar kyakkyawa ce, kuma ba ni da ja a kanta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Sudais sunan danginsu ne, ba sunan da aka raɗa masa ba. Da na tambayi wani malamin Larabci ma'anar kalmar, sai ya yi murmushi ya ce tushenta ɗaya da sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida da muke ji a rabon gado, kuma an gina ta ne a kan sigar ƙaranta abu. Ya ƙara da cewa gidansu ɗaya da Sadisu, sunan da iyayenmu ke ba Muhammadu na shida, bayan Auwalu da Sani da Salisu da Rabi'u da Hamisu. Na ce ikon Allah! Ashe tsohuwa da ɗanta duk a kan shida suke gardama, ita da Hausa shi da Larabci, ba wanda ya sani.

Wani zai ce ai wannan ba sabon abu ba ne, kuma ya yi gaskiya. Buhari nisba ce ta birnin Buhara, inda aka haifi babban malamin hadisi. Tijjani da Sanusi da Jilani da Gazali duk laƙabin dangi ne ko na gari, kakanninmu suka mai da su sunaye saboda ƙaunar masu su. Yayin suna ma tsohon abu ne. Bayan da aka kashe Janar Murtala Muhammed a Legas ran 13 ga Fabrairu, 1976, duk wanda ya yi firamare a shekarun da suka biyo baya ya san yadda Murtala ya cika azuzuwa. A 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha, an yi yayin Saddam. Bayan 2001 an yi na Usama, kuma da yawa daga cikin waɗannan yara sun girma sun tarar da cewa sunan da aka sa musu cikin zafin rai ya zame musu kaya a duk inda za a duba fasfo. Uba yakan zaɓi suna cikin mako guda, amma ɗa ne zai ɗauke shi har kabari.

Bambancin da nake gani tsakanin jiya da yau yana wurin furuci. Mutanen dā idan suka ari suna sukan sa shi a turmin Hausa su daka har ya yi laushin da kowa zai iya tauna shi. Akwai harafin nan na Larabci da almajiranmu ke kira lodi, wanda Bahaushe ya mai da shi "l" tun fil azal. Da haka muka sami alƙali da alwala da larura da watan Ramalan, da haka kuma muka sami Murtala da Rilwanu da Falalu da Halliru. Harshenmu yana son kalma ta ƙare da wasali, shi ya sa muke da Yakubu da Halidu da Isiyaku da Kabiru. Abdullahi ya zama Audu, Idrisu ya zama Idi, Ibrahim ya zama Iro, Muhammadu ya zama Mamman, Abubakar ya zama Habu ko Garba ko Buba. A nan ƙasar Birnin Kudu, mutumin Bamaina da ya yi gwamnan Jigawa daga 2007 zuwa 2015 duniya ta san shi ne da Sule, ba wanda ya ce sai an koma ana kiransa Sulaiman kafin a girmama shi. Malaman da suka bar mana waɗannan sigogi sun fi mu sanin Larabci nesa ba kusa ba, da shi suke rubuta littattafai da wasiƙu, amma sun san cewa suna na kira ne, kuma wanda zai fi kiran yaro ita ce tsohuwar da ke goyonsa.

Yau kuwa mun ɗauko sunaye muna son a furta su kamar yadda ake yi a Makka, alhali mu kanmu ba mu iya ba. Halifa da muka sani an koma rubuta shi da "kh", mai karantawa ya ga "k" a gaba, sai ga shi an wayi gari ana kiran yaro Kalifa, wanda ba Larabci ba ne, ba kuma Hausa ba. Fahad da Affan a bakin mutanenmu sukan koma Pahad da Appan. Shuraim ya zama Shurem. Wani kuma a yanke masa suna a bar shi da Abdul kawai, wato "bawan", ba a faɗi bawan wa ba. Sudais ɗin nan da kansa, na ga an rubuta shi Sudais, na ga Sudeis, na ga Sudes, na ga Sudaisu.

A nan ne maganar ta tashi daga hirar zaure ta shiga ofis, kuma a nan ne nake roƙon ma'aikatan gwamnati da ɗalibai su saurare ni da kyau. A dā in akawu ya kuskure harafi ɗaya a sunanka, sai ka je ka same shi, ya soke da alƙalami ya gyara, ya sa hannu, shi ke nan. Yanzu kwamfuta ce ke gwada takarda da takarda, ita kuwa ba ta san sabo ba, ba ta san ɗan wane ba. Tun 2014 aka fito da lambar tantance masu ajiya a banki, tun 2021 kuma hukumar JAMB ta wajabta wa mai neman shiga jami'a ya zo da lambarsa ta ɗan ƙasa. Yaron da takardar haihuwarsa ta ce Sudais, ta firamare ta ce Sudes, katin ɗan ƙasa ya ce Sudeis, a idon na'ura mutum uku ne. Ina da ɗan'uwa da ya yi asarar shekara guda cur a gida saboda irin wannan. Sunan mahaifinsa an rubuta shi da "c" a wata takarda, da "ch" a wata. Sai da aka yi rantsuwa a kotu, aka buga sanarwa a jarida, aka yi ta safa da marwa zuwa wani ofishi a birni, kuɗin mota kaɗai ya ci buhun gero, kafin a gama kuwa an rufe karɓar ɗalibai. Tsofaffin ma'aikata masu bin haƙƙinsu na fansho su ma suna da labarai irin wannan da za su cika shafin nan.

Kada kuma a ɗauka sunayen gida sun tsira daga wannan. Su tasu cutar ta fi tsufa. Tun cikin shekarun 1930 aka daidaita rubutun boko da haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, kuma da su jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939, ta koya wa kakanninmu karatu. Amma har yau takardun hukuma ba su san da su ba. Ɗanjuma ya zama Danjuma, Ƙasimu ya zama Kasimu. Alhaji Aliko Ɗangote, wanda ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, duniya duka ta san sunansa, amma ƙugiyar ta faɗi a hanya, har 'ya'yanmu sun fara furta shi yadda suka ji a bakin masu karanta labarai na Ingila. Wani lokaci kuma kuskuren kan juya ta ɗaya gefen. Na taɓa jin wani mai gabatarwa a wurin taro, garin nuna ya iya Hausa, ya sa ƙugiya a farkon sunan Barau, sai ga suna mai daraja ya kusa komawa zagi. Cindo kuwa, in ka rubuta shi da ƙa'idar Hausa, baƙo zai karanta Sindo ko Kindo. In ka rubuta Chindo don baƙo ya gane, ka saɓa wa ƙa'idar da ake koya wa yara a aji. Wanne za a bi?

A ganina abin da za a yi ba ya bukatar kwamiti ko kasafin kuɗi. Jami'in da ke rajistar haihuwa a asibiti ko a sakatariyar ƙaramar hukuma ya daina rubuta abin da kunnensa ya ji kawai. Ya sa uba ya rubuta da hannunsa, in bai iya ba a rubuta a karanta masa harafi-harafi, sa'an nan a gaya masa cewa wannan rubutun shi ne za a bi har abada. Hedimasta kada ya shigar da yaro aji ɗaya sai ya kwafo sunan daga takardar haihuwa. Malamin aji kuma ya tambayi yaro yadda ake kiransa a gida kafin ya fara kiran rajista, domin sau da yawa sunan da malami ya karkatar ran farko shi 'yan aji za su riƙe har a gama makaranta. Game da haruffa masu ƙugiya, wayar da ke aljihun kowa yanzu tana iya rubuta su. In Faransa da Jamus ba su yarda an zubar da alamomin haruffansu a takardunsu na hukuma ba, ban ga dalilin da zai hana jihohin da ke magana da Hausa su nemi a sa namu ba.

Ga ɗalibai kuma, musamman masu nazarin Hausa a Jami'ar Bayero da Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da Kwalejin Ilimi ta Gumel, ga aiki nan a ƙofar gida. Muna alfahari da zanen da mutanen dā suka bari a jikin duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, har hukuma ta sa su cikin kayan tarihi na ƙasa. Zanen dutse zai jira mu. Tsofaffin da suka san dalilin kowane suna, da na Hausawa da na Fulani da na Warjawan wannan yanki, su ba za su jira ba. Ɗalibi ɗaya da littafin rubutu da waya mai ɗaukar murya, in ya zauna da tsofaffin unguwarsu hutu guda, zai tara abin da babu shi a ƙamus, tare da yadda ake furta shi, tun da rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali.

Iyaye kuma ba na ce kowa ya koma Nomau da Anaruwa dole ba. Ɗa naka ne, kai za ka zaɓa. Amma kafin ran suna, ka sami malami ka tambayi ma'anar abin da ka zaɓa, kada ka dogara da daɗinsa a kunne ko da cewa babu mai irinsa a unguwa. Rashin mai irinsa ma ba ya daɗewa, don sunan da ka ɗauka kai kaɗai ka gano, kafin yaron ya shiga firamare za ka tarar da uku a ajinsu. Sa'an nan ka gwada shi a bakin mahaifiyarka. In ta faɗa sau uku ba ta kama ba, to, ka sani ita da sauran dangi za su ƙera nasu, kuma nasu ɗin ne zai zauna.

Makon jiya na haɗu da abokin nan nawa a tashar Birnin Kudu, na tambaye shi labarin jariri. Ya ce yana nan lafiya, an kai shi asibiti an cire ɗan yatsan, wurin har ya warke. Takardar haihuwa ta ce Abdurrahman. Ubansa na kiransa Sudais, uwarsa na cewa Abba saboda kunya, yaran gida na cewa Sude. Kakar kuwa tana nan a kan bakanta. Ya ce shekaranjiya ma ya ji uban da kansa, da zai fita aiki, ya leƙa ɗakin tsohuwar yana tambaya, "Inna, Cindon naki ya tashi?"